Zuwa ga mai tambaya kan tofin kusurwa huɗu

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Bayan karatun Asabar ka tashi a gaban jama'a ka ce an ba ka laƙanin tsarin gida: ka karanta Ayatul Kursiyyu ka tofa gabas, yamma, kudu da arewa, ka kuma binne laya a kowace kusurwa. Kana neman sanin ko abin yana da asali, da kuma inda gabas ɗin take. Lokaci ya ƙure ranar, ga amsa a rubuce.

Kusurwa ba ta da wani ƙarfi na kanta, gabas da yamma duk na Allah ne, kamar yadda aya ta 115 ta Suratul Baƙara ta faɗa. Abin da ya tabbata shi ne addu'ar safe da maraice da Abu Dawuda ya ruwaito, inda ake neman tsari ta gaba, ta baya, ta dama, ta hagu, ta sama da ta ƙasa. Ka ga shida ne ba huɗu ba, kuma da jikinka ake auna su, ba sai ka juya ko'ina ba. Binne laya kuwa ka bar shi. Damina ɗaya ta ishi ruwa da gara su cinye takardar, a bar ayoyi cikin laka, wataƙila ma kusa da kwata.

Inda sanin kusurwa ya zama dole shi ne alƙibla, don salla, yanka da kwantar da mamaci. A nan ake yawan tuntuɓe, domin mun saba cewa "ya fuskanci gabas". Daga Zariya alƙibla gabas ce maso arewa, kimanin digiri 67 daga arewa, wato ta kauce wa gabas sak da kusan digiri 23. Mai dogara da hudowar rana zai dace a ƙarshen watan Yuni, lokacin da take fitowa kusan daidai saitin Makka. A hunturu, wajen Disamba, ta koma kudu maso gabas, sai ka ga mutum ya kauce da fiye da digiri 40 bai sani ba.

Ga hanya mafi sauƙi. Ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 16 ga Yuli da 10:27 agogon Najeriya, rana tana tsaye a saman Ka'aba. Ka kafa sanda mai tsawon mita 1 a daɓen da ba tudu ba kwari, ka gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙarshe, don karkatacciyar sanda karkatacciyar inuwa take bayarwa. Inuwar za ta ɗan wuce rabin mita. Ka ja layi a kanta, ka tsaya a ƙarshenta ka dubi sandar: alƙiblarka ke nan. Matsalar ita ce hadari, tunda duk ranakun biyu a damina suke, amma kwana ɗaya gaba ko baya ba ya ɓata awon.

In da kamfas ɗin waya (mai allurar nuna kusurwa) za ka auna, fita tsakar gida, nesa da rodi, ƙofar ƙarfe da janareta, domin ƙarfe yana jan allurar. Ka gwada a wuri uku, wanda biyu suka yi daidai shi za ka ɗauka.

Wassalam.