Gyara kan labarin jirgin Kano da ya faɗi a Sahara a 1952

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na saurari shirinku na tarihin filin jirgin saman Kano, wallahi ya yi daɗi, sai dai akwai wuri ɗaya da ban gamsu ba, inda mai gabatarwa ya zo kan jirgin nan na kamfanin BOAC na Birtaniya da ya faɗi a 1952 ya ce mai ne ya ƙare masa, ya wuce abinsa. Haba Malam! Ai wanda bai san zancen ba sai ya ɗauka Turawan mantawa suka yi ba su cika tanki ba.

Eh man ya ƙare, amma ɓatan hanya ne ya shanye shi. Jirgin samfurin Hermes ne, ya taso daga Landan ya ya da zango a Tarabulus ta Libiya, da daddare ya ɗaga zai zo Kano, mutum 18 a ciki, fasinja 10 ma'aikata 8. To shi mai duba musu hanya da ya zo saita sabon kamfas ɗin jirgin, wato na'urar nuna alƙibla, maimakon ya sa digiri 6 sai ya sa 60. Sifili ɗaya tal fa. Shi ke nan jirgi ya karkata yamma yana ta tafiya cikin duhu, su kuwa hankalinsu kwance wai Kano suka nufa.

Abin da ya fi ba ni haushi, akwai tsohon kamfas na maganaɗisu a jirgin kuma shi yana nuna musu daidai, an ma lura biyun sun saɓa, amma sai aka yanke cewa tsohon ne ya lalace, aka bi sabon. Ni direban babbar mota ne, na yi shekaru ina Kano zuwa Agadas, na san wannan halin sarai, yaron mota zai ce maigida anya nan ce hanyar kuwa, ka daka masa tsawa don kai ne a kan sitiyari, sai gari ya waye ka ga allurar mai ta kwanta ga yashi ko ta ina babu ko bishiya.

Haka ta faru da su. Lokacin da suka farga an yi nisan da ba a komowa, safiyar 26 ga Mayu matuƙin ya kwantar da jirgin a kan yashi kudu da garin Atar a Muritaniya, lokacin tana hannun Faransa, kusan kilomita 2,000 daga hanyarsu. Cikin ikon Allah duk suka fito da rai. Faransawa suka sauko musu da likita ta laima, mutanen jejin kuma suka zo da raƙuma aka kwashe su zuwa inda ruwa yake, amma mataimakin matuƙin bai kai labari ba, dama ya bugu a ka ga kuma zafin rana, bayan 'yan kwanaki ya rasu.

Don Allah Edita a sake waiwayar labarin nan a ba shi lokacinsa, kuma in da hali ku cigita ko cikin dattawanmu akwai wanda mahaifinsa ke aiki a filin jirgi a daren da aka yi ta jiran jirgin nan bai sauka ba.

Naku,
Mai sauraronku daga Fagge, Kano