Zuwa Ga Aminina, A Kan Kawalwalniya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, har sau biyu na karanta shi. Ka ce ka ajiye wancan aikin, ka samo wata sabuwar harka a intanet wadda za ta bunƙasa kafin ƙarshen shekara. A lissafina, ita ce ta huɗu cikin shekara biyu. Ban yi maka dariya ba, don abin da ya ci ka ya ci ni.

Ka tuna ruwan nan da ake hangowa a kan kwalta da tsakar rana? Iska mai zafi ce dab da ƙasa take lanƙwasa haske, sai hoton sama ya sauko, ido ya ɗauka tafki ne. Kana matsawa, yana matsawa.

Ban taɓa gaya maka ba, bara na yi wata bakwai ina cacar ƙwallo a waya. Ƙarfe biyun dare, ɗaki duhu, babban yatsana yana ta jan allo, gabana na dukan uku-uku. Ranar da na ci kuwa, daɗin ko minti goma bai kai ba. Ashe jiran ne ya kama ni, ba kuɗin ba. Wani masani Ba'amurke, B.F. Skinner, ya gwada wannan a kan tantabaru a shekarun 1950: wadda ba ta san yaushe tsaba za ta faɗo ba ita ta fi naci wajen caccakar maɓallin da ke sako tsabar, ko bayan an daina ba ta. To ni ne tantabarar nan.

Sai da aka sallame ni daga aiki na gane holoƙo ne ni. Takarda ɗaya ta kwantar da ni kwana uku.

Abin da nake yi yanzu ba shi da armashi ko kaɗan. Nakan bar waya a wani ɗaki, in zauna rabin awa da littafi guda. Makon farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Duk abin da na fara sai na ga ƙarshensa, ko ya gundure ni. Kwanan baya wani ya ci mini fuska a gaban jama'a. Na ji zafi, amma daren nan na yi barcina.

Ban ce ka watsar da harkar ba, wataƙila wannan karon ruwan gaske ne. Ka dai riƙe ta wata shida bayan ɗokin ya kwanta, sannan ka rubuto mini yadda kuka ƙare. Ka gaishe mini da Mama da yara.

Naka har kullum.