Wasiƙa Kan Annabawa da Hukuncin Allah

Ɗan'uwa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka darasin annabawa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma inda 'yan ajin suka cije shi ne: in Allah ne ya aiko Babila ta rushe Urushalima, me ya sa ya juya ya hukunta Babila?

Kada ka fara da Daniyel. Ka buɗe Ishaya 10:5-15, a karanta da ƙarfi; maganar Assuriya ce, amma batun ɗaya ne da na Babila. A aya 5 Allah ya kira Assuriya sandan fushinsa. Aya 7 ta ce ba haka sarkin Assuriya ya nufa ba, shi hallaka al'ummai ne a ransa. Aya 12 ta ce in Ubangiji ya gama aikinsa a kan Sihiyona, wato Urushalima, zai hukunta girmankan sarkin. Sai aya 15 ta tambaya ko gatari zai yi wa mai sara da shi fariya. Aiki ɗaya ne, niyya biyu: Allah horo yake yi, sarki ganima yake nema, kuma a kan tasa niyyar za a kama shi. In ajin ya riƙe wannan, Habakuk ba zai ba su wuya ba, don shi ma kukan da ya yi ke nan a 1:13, cewa Allah ya yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci.

Ka rubuta shekaru a allo, duka kafin haihuwar Almasihu, ka kuma tuna musu lissafin raguwa yake yi. Samariya, babban birnin Isra'ila, ta faɗi a 722, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuda a 701, Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612. Nebukadnezzar na Babila ya ci Masar a Karkemish a 605, ya kwashi Sarki Yekoniya da manyan gari a 597, aka ƙone Haikali wajen 586. Sairus na Farisa ya karɓe Babila a 539. Yanzu ka haɗa Irmiya 25:9, inda Allah ya kira Nebukadnezzar bawansa, da aya 12, inda ya ce bayan shekara 70 zai hukunta Babila. Masu nazari sun rabu kan kirgen: wasu daga 605 zuwa komowar farko ta Yahudawa daga bauta a Babila, wasu daga ƙone Haikali zuwa gama sabon wajen 516. Ka faɗi duka biyun ka wuce, kada ya cinye maka lokaci.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne mantawa da sharaɗi. Irmiya 18:7-10 ya ce in Allah ya furta hallaka a kan al'umma ta tuba, zai janye. In ya yi alkawarin alheri ta kauce, shi ma zai janye. Ga misali a kusa: Mika 3:12 ya ce za a nome Sihiyona kamar gona. A Irmiya 26:18-19 dattawa suka tuna da maganar, suka ce Sarki Hezekiya ya ji tsoron Ubangiji, masifar ba ta sauka a zamaninsa ba. Sai bayan shekara fiye da 100 birnin ya faɗi.

Ka kula kuma, surorin Irmiya ba bisa jerin lokaci suke ba. Sura 21 zamanin Zadakiya ce, sura 25 kuwa shekara ta 4 ta Yehoyakim, wanda ya riga shi sarauta. A duba sunan sarki a farkon sura kafin a ce komai.

Za a sami mai son liƙa wa wata ƙasa ta yau sunan Babila. Ka kai shi Amos 1 da 2. Annabin ya bi Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, sannan ya sauka kan Yahuda da Isra'ila, kuma tuhumar Isra'ila ce ta fi tsawo: sayar da matalauci a kan takalmi.

In minti 45 gare ka, ka ba Ishaya minti 20, Irmiya minti 15, sauran na tambayoyi. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka kuma rubuto mini yadda aka kwashe.

Naka cikin Ubangiji.