Zuwa ga ɗana, a bakin daga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Mahaifiyarka ta sa an karanta mata sau biyu, da aka zo inda ka ce ba za ka dawo gida ba sai da lambar yabo a ƙirjinka, ta tashi ta shige ɗaki. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Na san inda ka samo ta. Tun kana Difo a Zariya bakinka bai rabu da sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ba, kuma ban ga laifinka ba. Shi ne ya ja tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a farkon 2015, a shekarar kuma aka ɗaga shi daga Manjo tun lokacinsa bai yi ba. Amma ka tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka ji abin da suke fara faɗa. Ba anini suke ambata ba, cewa suke yana gaba suna biye, kuma yana damuwa da ran yaransa. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 ya kwanta dama a Malam Fatori, Allah ya jiƙansa.

Kafin shi an yi Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa. Jamusawa ya fara yi wa soja a Kamaru, suka ba shi lambarsu. Aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na ƙasar Bama (Burma) a Asiya, su ma suka ba shi tasu. Sai 1953 ya ajiye kaki. Ka ga mai neman suna ba ya daɗewa haka a gaban harsashi.

Ni ma na ɗanɗana a Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Wata rana da hantsi aka yi mana kwanton ɓauna a kan hanya, harsashi yana tsaga ganyen ayaba a saman kanmu. Bakina ya bushe ƙamas, gwiwata tana kaɗawa, ban ɓoye maka ba. Wani kofur ɗinmu, mutum mara surutu, ya ja ciki cikin taɓo ya janyo wani yaro da aka harba a cinya, ya ɗaure masa da igiyar bindiga, yana ce masa ya yi ta salati. Yaron ya rayu. Kofur bai samu ko takarda ba, domin hafsan da zai rubuta sunansa bai ga abin ba. Haka lambar take, sai an gani, an rubuta, an aika sama.

Saboda haka ka haƙa raminka da zurfi ko da ka gaji. Ka goge bindigarka kafin ka ci abinci. In saje ya ce kwanta, ka kwanta. Kada ka ɗaga hannu a kan wanda ya miƙa wuya, ko talakan ƙauye da yaƙi ya rutsa da shi. Kada ka bar ɗan'uwanka a fili.

Ƙanwarka za ta aiko maka da ƙuli-ƙuli da yaji ta hannun mai zuwa Maiduguri. In ka samu sabis, ka fara kiran mahaifiyarka, kuma kada ka sake yi mata zancen lamba.

Mahaifinka.