Wasiƙa zuwa ga ɗana kan bashin da ya dabaibaye amininsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan gida sai godiya. Mahaifiyarka ta faɗa mini aminin nan naka ya kira ka yana neman rancen naira 400,000, in babu hali kuma ka tsaya masa a banki. Ta ce ka rasa yadda za ka yi, domin abin da ke hannunka kuɗin hayar gida ne. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Kada ka yi saurin ganin laifinsa. A gabanmu ya tashi, ba ya caca, ba ya shaye-shaye. Ambaliyar 2022 da ta mamaye ƙasar Ringim da Taura har Auyo da Haɗeja ita ta fara kwashe masa shinkafar damina. Ya ci bashin taki da iri da niyyar ya fanshe a rani, sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ku da ke birni kuɗin mota kuka gani ya ƙaru. Mai ban ruwa da inji kuwa, duk ruwan da shinkafarsa za ta sha daga dashe zuwa yanka fetur ne. Da hatsi ya yi tsada ya ƙara faɗin gona, sai 2025 farashin shanshera ya faɗi, taki kuma ya ƙi saukowa. Ba shi kaɗai abin ya rutsa da shi ba a fadamar nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Duk da haka ban yarda ka tura masa ko sisi yanzu ba, sai ka san iyakar abin da ake binsa. A shekarun da na yi ina aikin malamin gona na zauna da manoma da yawa da bashi ya ci, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗi jimillar kuɗin a zaman farko ba. Wanda ya fi matsa masa lamba a makon shi yake ambata, sauran ya haɗiye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya ce mutum in bashi ya kama shi, zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ka riƙe wannan don in ka same shi da ɓoye-ɓoye kada ranka ya ɓaci. Kunya ce da tsoro.

Ka zo gida da ƙafarka. Kada ka tare shi a majalisa ko teburin mai shayi. Ka kira shi zauren nan bayan sallar isha'i, ku biyu kaɗai, da littafi da biro. Wa ke binsa, nawa ne, tun yaushe, da ruwa ko babu, me ya ajiye jingina. Ka tambaye shi game da mai taki, da mai ba shi fetur a jarka sai an yi yanka, da 'yan ƙwadagon da suka yi masa dashe. Ka tambayi adashi, domin na ji ƙishin-ƙishin ya kwashi nasa tun farkon zagaye, zubi kuma ya tsaya. In ya ce shi ke nan, kada ka rufe littafin. Ka ce masa, "To na waya fa?"

Wannan na wayar shi na fi tsoro. Manhajojin nan da ke ba da rance cikin minti kaɗan, wasunsu kafin su ba ka sai sun kwashe lambobin da ke cikin wayarka. Wa'adinsu mako ɗaya ne ko biyu, ruwan kuma hauhawa yake yi da kowace ranar da aka makara. Daga nan sai su fara tura wa surukanka da limaminku saƙo cewa kai ɗan damfara ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, amma har gobe suna nan da sababbin sunaye. Yaro sai ya ci na wannan ya biya wancan, cikin wata biyu ya zama guda biyar ke binsa. In akwai irinsa a lissafin, bayan haƙƙin 'yan ƙwadago shi za a fara kashewa, a goge manhajar. Sai adashi, domin kuɗin mata ne masu tara ɗari biyar-biyar daga ƙuli-ƙuli da sayar da ƙwai. Babban ɗan kasuwa zai iya jira, su ba za su iya ba.

Maganar tsaya masa a banki kuwa, ban amince ba, kuma ka faɗa masa ni na hana, ya ji haushina ni. A addini, wanda ya lamunce wa wani bashi shi ne mai biya. Ka san labarin gawar da aka kawo, Annabi ya ƙi yi mata salla saboda dinari biyu, har sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauke su a wuyansa. Mutane suna tsayawa a nan wajen ba da labarin, suna manta cewa Annabi ya ci gaba da tambayarsa dinaren nan har sai da ya biya. A doka ma haka ne, garanto ake nema in mai bashi ya gaza. Mafi muni shi ne ka karɓo masa da sunanka da BVN ɗinka. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗi daga kowane asusu na wanda ya kasa biyan rance, ko a wane banki asusun yake. Albashinka zai shiga da safe, kafin azahar babu shi. A lokacin an samu mutum biyu cikin rami, babu mai miƙa wa wani hannu.

Abin da za ka ba shi, ka ba shi wanda in bai dawo ba gidanka ba zai girgiza ba. In dubu hamsin ce, ita ce. Ka shawarci maiɗakinka, domin tukunyarta abin zai taɓa. Sannan ka fito fili ka ce masa kyauta ce ko rance. Na ga zumuncin shekara talatin ya mutu a kan wannan, ɗaya yana cewa "ai taimako ya yi mini", ɗayan yana jiran kaka. In rance ne a rubuta da shaidu biyu, kada ka ce ai mun wuce haka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa umarnin. Kuɗin ma kada ka damƙa masa a hannu, ku je tare a biya mai shi a gabanka. Ba don zai cinye ba, sai don gidan da babu hatsi, duk kuɗin da ya kwana a ciki sai an taɓa shi.

Babban taimakon da yake buƙata a wurinka shi ne rakiya. Mai takin nan na san shi, mutum ne mai sauƙin kai. Abin da ya fusata shi, yaron ya kashe waya, ranar Lahadi kuma in ya hango shi a kasuwar Gujungu sai ya sauya layi. Zan raka ku, mu ɗauki liman ko mai unguwa. Allah ya ce a Baƙara aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa ɗaga murya a masallaci yana bin wani sahabi bashi, Annabi ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya yafe, sannan ya ce wa ɗayan tashi ka biya. Ba za mu je mu yi wa mai kuɗi wa'azi ba, haƙƙinsa ne, roƙo za mu yi. Mu nemi a tsayar da adadin, a raba shi buhu kaza a rani, buhu kaza da kaka. Ka hana shi yin babban alkawari don kunyar idon mutane. Buhu uku da za su zo a kan lokaci sun fi goma da za a sake saɓawa. In wani ya yi masa barazanar 'yan sanda, ka kwantar masa da hankali, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi kawai. Sulhu ne ko kotu.

Na ji ana zuga shi ya jinginar da gonar tudu. Gonar gado ce, ba a raba ba, akwai rabon ƙannensa mata a ciki. Wanda ya karɓi jingina kuma shi zai riƙa nomawa yana ci, bashin yana nan bai ragu ba, abin da malamai suka daɗe suna cewa riba ne. Gara ya sayar da sa ɗaya da injin ban ruwan da ya lalace, fadamar ya ba da hayarta rani ɗaya ya huta da sayen fetur. Awakin matarsa nata ne, sai da yardarta. Zakka ma ta halatta gare shi, masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Tauba ta lissafa. Wannan ka bar mini, zan yi wa masu fitarwa magana a ɓoye.

Duk abin da ya shiga littafin nan ya tsaya tsakaninku. Ka riƙa kiransa ko babu maganar kuɗi. Kwanan nan ba na ganinsa a sahu da asuba, mahaifiyarsa kuma ta ce ba ya cin abinci sosai, har yana zancen zai bar garin ya tafi wajen haƙar zinare. In ka ji ya fara furta "gara mutuwa", kada ka ɗauka zance ne kawai, ka sanar da ni da yayansa a ranar.

Ka yi ƙoƙari ka iso ranar Juma'a, don mu zauna da shi Asabar, Lahadi mu kai san nan kasuwar Gujungu mu ji abin da dillalai za su taya. Mahaifiyarka ta ce ka taho mata da maganin gwiwar nan. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.