Idan sabunta manhajar saba ya tsaya a rabi, gaggawa ce ke janyo asara

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a bani ɗan fili inyi magana akan wani abu da ya daɗe yana damuna, ni aikina kenan kula da saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke haɗuwa da ita domin samun manhaja da fayiloli, kuma ina ganin yadda abin nan ke sa mutane asarar da bata kamata ba.

Maganar itace ta irin manhajar nan da ake ɗorawa akan saba domin ma'aikata suyi aiki tare, su ajiye fayiloli wuri ɗaya, su tura wa juna saƙo, su haɗa kalanda, su rubuta takarda ɗaya su da yawa, irinsu Nextcloud da Zimbra da Confluence da GitLab da Exchange na Microsoft. Dole ne lokaci zuwa lokaci a sabunta su, kuma wani lokacin sabuntawar takan tsaya a rabi, allo ya nuna kuskure ko yayi fari fat, kowa ya kasa shiga. Wannan ba abin mamaki bane, yana faruwa da ƙwararru ma. Abinda ke bani takaici shine abinda ake yi a awa ɗayan farko bayan faruwar abin, domin yawancin asarar da nake gani ba sabuntawar ce ke janyo ta ba, hannun mutum ne da ya ruɗe.

Ya kamata a fahimci dalilin da yasa rabin nan yake da hatsari. Irin wannan manhaja ba abu ɗaya bace, akwai ita manhajar kanta, akwai rumbun bayanai inda aka rubuta waye wane da abinda ya mallaka da wanda ya ba izinin gani, akwai fayilolin mutane, sannan akwai fayil ɗin saiti mai ɗauke da makullai. Idan ana sabuntawa sai a fara canza manhajar sannan ita sabuwar ta shiga rumbun bayanai tana canza tsarin teburansa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara wannan ta cire wancan. To a irin rumbunan da ake kira MySQL da MariaDB duk canjin tsarin tebur da aka yi ya zauna kenan nan take, babu janye shi da kansa idan na gaba ya gaza, PostgreSQL ya fi sauƙi ta wannan fannin don yana iya janye irin wannan canjin in an tsara shi haka. Kaga idan wuta ta ɗauke ko diski ya cika ana tsakiyar aiki, rumbun zai zama rabi sabo rabi tsoho, tsohuwar manhaja bata gane shi, sabuwar ma bata gama da shi ba.

Anan ne mutum zai ce bari kawai in maida tsohuwar sigar akai in huta. Wallahi wannan shine garin neman gira a rasa ido. Nextcloud sun faɗa ƙarara a takardunsu cewa basu yarda da komawa tsohuwar siga ba, hanyar komawa baya ɗaya ce, a dawo da bakof, wato kwafin da aka ajiye a gefe tun kafin a fara. Wani kuma zai ta danna sabuntawar yana maimaitawa bai ko duba me ya tsayar da ita ba, wani ya fara goge foldar da bai san aikinta ba don ya samu fili. Mafi muni a wurina shine wanda zai cire saba daga yanayin gyara, wato rufewar da ke hana mutane shiga ana cikin aiki, saboda oga yana ta kiran waya, manhajar ta ɗan buɗe, mutane suka shiga suka fara rubutu da ɗora fayiloli akan rumbun da ya karye, sai zuwa yamma a gane dole a dawo da bakof na jiya, aikin da suka yi duk yinin ya tafi. Da an barta a rufe da babu wanda zai rasa komai sai lokaci.

Abinda nake roƙon 'yan uwana masu wannan aiki shine idan abin ya faru a fara cire hannu. A bar saba a rufe, a tsayar da ayyukan da ke tashi da kansu a bayan fage, sannan a kwafi halin da take ciki yanzu, eh a lalacenta, rumbun da manhajar da saitin duka, ko a ɗauki hoton injin, wato kwafinsa gaba ɗaya a halin da yake, in injin na ƙirƙira ne da ke gudana a cikin wata kwamfuta. Mutane suna ganin ɓata lokaci ne kwafar abinda ya lalace amma shine ke baka damar gwada gyara ba tare da tsoro ba, in gyaran ya ƙara ɓata abu kana da wurin komawa. Bayan nan sai a buɗe log, wato fayil ɗin da manhajar ke rubuta duk abinda ya faru, a karanta, kuma kuskuren farko ake nema ba na ƙarshe ba, don na ƙarshen galibi sakamakon na farkon ne. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, diski ya cika, ko sigar PHP ko Java da ke kan injin, wato harsunan da irin manhajar nan ke gudana dasu, ta tsufa ko ta wuce wadda ake buƙata, ko wata ƙaramar manhaja da aka liƙa daga waje bata dace da sabuwar siga ba, ko izinin fayiloli ya canza, ko kuma anyi sabuntawar ta burauza lokaci ya ƙare mata kafin ta gama. Irin waɗannan ana gyara dalilin a ci gaba daga inda aka tsaya, a Nextcloud misali sai a sake kunna umarnin occ upgrade ta layin umarni, wato wurin rubuta wa injin umarni kai tsaye, inda babu agogon burauza da zai katse ta. Amma a sa wa kai iyaka tun farko, ace in lokaci kaza yayi ban gane bakin zaren ba zan dawo da bakof, saboda mutum in ya gaji da dare hukuncinsa baya da kyau.

Akwai kuma tsallake siga, wanda shi tun kafin a fara an riga an shirya faɗuwa. Saba ta shekara uku ba a taɓa ta ba sai rana ɗaya ace a kaita sigar ƙarshe. Nextcloud baya yarda a tsallake babbar siga, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. GitLab yana da tashoshin da dole a tsaya a cikinsu, kuma a jira sauye-sauyen rumbun da ke gudana a bayan fage su ƙare kafin a matsa gaba. A watan Maris 2021 ma lokacin da aka yi ta rige-rigen toshe ɓarakar Exchange, waɗanda suka danna fayil ɗin gyaran kai tsaye ba tare da cikakken izinin admin ba da yawa sun tarar shafin wasiƙunsu ya daina buɗewa, alhali an rubuta yadda za ayi. Karanta bayanin sigar kafin a fara baya cin minti talatin.

In kuwa an yanke shawarar komawa baya, sai a maida komai zuwa lokaci ɗaya, manhaja da rumbu da fayiloli da saiti. Rumbun daren jiya da fayilolin makon jiya basa tafiya tare, zaka ga sunan takarda a jeri ka danna babu ita. Kuma anan ne mutane ke gane bakof ɗinsu bai cika ba. Kwafin da manhajar sabunta Nextcloud ke yi da kanta na manhajar ne kawai, babu rumbun bayanai babu fayilolin mutane a ciki. Bakof na GitLab baya haɗawa da fayil ɗin makullai gitlab-secrets.json da na saiti gitlab.rb, sai ka ajiye su daban, in ka rasa na farkon abubuwan da aka kulle da shi a rumbu bazasu buɗu ba, sannan baya dawowa sai akan daidai sigar da aka ɗauke shi. Ga kuma kwamfutocin ma'aikata da ke daidaita fayiloli da saba, su suna riƙe da sabon abu ita kuma ta koma jiya, shi yasa Nextcloud suka tanadi umarnin maintenance:data-fingerprint a kunna bayan dawo da bakof domin kwamfutocin su san an koma baya kar su bi saba a makance.

Malam Edita, abinda ya faru da GitLab a ranar 31 ga Janairu 2017 ya kamata duk mai wannan aiki ya sani, duk da ba sabuntawa suke ba. Wani injiniyansu yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu da dare sai ya goge foldar babban rumbun, kusan gigabait 300, kafin ya tsayar saura kaɗan. Suka juya ga bakof, sai suka tarar hanyoyin da suka dogara dasu basa aiki yadda suke zato, wanda ake ɗauka da manhajar kwafar rumbu mai suna pg_dump ya daɗe yana gazawa saboda sigarta ta 9.2 ce rumbun kuma 9.6, kuma saƙon gargaɗin baya isa wurin kowa. Abinda ya cece su wani hoton diski ne da aka ɗauka da hannu kamar awa 6 kafin nan, duk da haka sun rasa bayanan waɗannan awannin, kimanin ayyuka 5,000 da asusun mutane kusan 700. Na jinjina musu da suka fito fili suka rubuta komai har suka nuna aikin dawowar kai tsaye a YouTube. Idan kamfanin da sana'arsa kenan zai iya zama da bakof marar aiki bai sani ba, to ƙaramin ofis da mutum ɗaya ke kula da komai fa? Ni dai duk bakof ɗin da ba a taɓa gwada dawo dashi akan wani inji ba bana lissafa shi.

Sauran maganar ta shugabannin ofisoshi ce, kuma su na fi so su karanta. Ku ba mai kula da saba injin gwaji ko da tsohuwar kwamfuta ce, ya fara gwada sabuntawar akan kwafi. Ku bashi lokacin da aka sanar da kowa cewa saba zata rufe, ku bashi wurin ajiye bakof da ba akan injin ɗaya ba. In abin ya lalace ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa amsa tambayoyin ma'aikata, shi kuma a ƙyale shi yayi aiki, kiran waya duk minti biyar shi ke tura shi buɗe abinda bai gyaru ba. Kuma don Allah kar faɗuwa ɗaya tasa kuce daga yau kar a ƙara taɓa ta, saba da ba a sabuntawa ita masu kutse ke nema, a wancan rikicin na Exchange dubun dubatar saba aka shiga. Atlassian ma, kamfanin da ke yin Confluence, sun daina tallafawa sigoginsu na Server tun Fabrairu 2024, duk wanda yake amfani dasu har yanzu babu gyaran tsaro da zai zo masa. Mai tunanin miƙa komai kacokan ga kamfani ya riƙe masa akan nasa sabar shima ya riƙe nasa kwafin, a Afrilu 2022 wani umarni da aka kunna bisa kuskure a Atlassian ya goge shafukan abokan hulɗa kusan 775, wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu dasu.

Bayan an dawo da saba kar a buɗe wa kowa nan take, mutum biyu ko uku su fara shiga, su buɗe tsohon fayil, su ɗora sabo, su tura saƙo, su duba kalanda da izinin foldoji. Sannan a faɗa wa ma'aikata gaskiya cewa an koma halin ƙarfe kaza na ranar kaza, duk wanda yayi aiki bayan nan ya duba kwamfutarsa ya sake ɗorawa kafin ya goge komai. A rubuta abinda ya faru da abinda ya gyara shi a ajiye inda na gaba zai gani, ba akan ita sabar kaɗai ba.

Ina roƙon jaridar nan ta riƙa ware fili ga irin waɗannan batutuwa da Hausa, matasa da yawa sun shigo aikin nan kuma zasu amfana. Na gode da filin da aka bani.

Naku,
Mai karatu, mai aikin kula da saba