Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Najeriya (FCCPC) kan halin da ƙananan 'yan kasuwa ke ciki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne game da dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce kuma ta kafa hukumar da kake jagoranta a madadin tsohuwar hukumar kare haƙƙin masu saye, wato CPC, ta 1992.

Dokar nan ɓangare biyu gare ta, amma ɗaya ne kaɗai, wato na kare haƙƙin masu saye, ya iso wurin ƙaramin ɗan kasuwa. Idan kaya ya fito da aibi, mai saye ba ya neman masana'anta ko wanda ya shigo da shi ƙasa. Wurin wanda ya miƙa wa kuɗi yake komawa, kuma yana da gaskiya, haƙƙinsa ne. Mai shago ya mayar da kuɗin, ya ɗauki kwalin ya kai wa dila, dila ya ce shi ba ya karɓar abin da aka riga aka buɗe. Shi ke nan, asarar ta faɗa kan wanda jarinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, alhali bai ƙera ba, bai shigo da shi ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya kamata ya tsaya masa, shi ne bai san da shi ba. Dokar ta hana kamfanoni haɗa baki su tsayar da farashi ko su raba kasuwa a tsakaninsu. Ta hana babban kamfani amfani da ƙarfinsa ya danne na ƙasa, kuma tarar na iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara. Duk da haka ana ce wa ƙaramin mai sari ba za a ba shi kayan da ke tafiya ba sai ya haɗa da wanda ya yi kwantai, ko kuma a ce in aka ga kayan wani kamfani a kantarsa an daina ba shi. Ya yi shiru, don in ya kai ƙara wa zai ba shi kaya gobe? Gaba kura, baya siyaki.

Mun ga hukumarka ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024, mun san ba ta tsoron manya. Roƙona shi ne a buɗe hanyar kai ƙorafi da za ta ɓoye sunan ɗan kasuwa, a kuma matsa wa diloli da masana'antu su riƙa karɓar kayansu masu aibi.

Sannan a yi wa mutane bayanin dokar ta rediyo da harsunan da suke ji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da yawa suna yanke farashi ɗaya ga mambobinsu ba tare da sanin cewa doka ta hana ba. Kafin jami'anka su zo da takardar tara, a fara zama da shugabanninsu a faɗa musu.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Mai kishin ƙananan 'yan kasuwa